Tambayoyi da Amsoshi: Ina Iyakar Ɓuyan Mai Amfani da Kirifto, VPN da Tor?

Ana yawan jin mutane na cewa in da kirifto ka biya babu mai sanin abin da ka saya, in kuma ka kunna VPN babu mai sanin inda ka leƙa. Maganar na da ƙamshin gaskiya, sai dai abin da aka bari ba a faɗa ba ya fi wanda aka faɗa yawa. Kowace manhaja a cikin waɗannan abu guda take ɓoyewa, kuma daga idon wasu mutane ƙayyadaddu, sauran kuwa a fili yake. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Da gaske ne ba a iya gane mai Bitcoin?

Ba gaskiya ba ne. Sunanka kawai Bitcoin ya cire daga kan asusu, ya sa wani dogon jerin haruffa da lambobi a madadinsa, wanda ake kira adireshi. Ban da wannan, komai a buɗe yake. Tun ranar 3 ga Janairun 2009 da tsarin ya fara aiki, duk wata hada-hada da aka taɓa yi tana rubuce a kundi guda, wato bulokcen, kuma dubban kwamfutoci a faɗin duniya na riƙe da kwafinsa. Kowa na iya buɗe shi ba tare da takardar kotu ba, ya ga adireshin da ya tura, da wanda ya karɓa, da adadin, da lokacin.

A banki, ma'aikata sun san sunanka amma jama'a ba sa ganin takardar asusunka. A nan akasin haka ne: jama'a na ganin takardar, sunan ne babu. Duk ranar da wani ya haɗa adireshin da sunanka, ba cinikin wannan ranar kaɗai ya samu ba, har na shekarun baya da na gaba. Shi kansa Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, bai ɓoye wannan ba. A takardar da ya fitar a 2008 ya ba da shawarar a riƙa amfani da sabon makulli, wato lambar sirrin da ake sa hannu da ita, a kowace hada-hada, ya kuma yarda cewa duk da haka wasu hada-hadar za su nuna cewa mutum ɗaya ne mai adireshoshin.

To ta wace hanya ake haɗa adireshi da mutum?

Aikin hawa biyu ne. Da farko ana tattara adireshoshin da alamu suka nuna na mutum ɗaya ne, daga baya a nemo ƙofar da suna ya shigo.

Tattarawar ba ta da wuya yadda ake zato. A ce za ka biya wani kuɗi, amma babu adireshinka guda da ke da cikakken adadin. Lalitarka, wato manhajar da ke riƙe maka makullanka, za ta kwaso daga adireshi biyu ko uku ta haɗa su a biya ɗaya. Tun da sai mai makullin kowannensu ne zai iya sa hannu, mai kallon kundin ya gane cewa hannu ɗaya ne ke riƙe da su duka. Sannan ga batun canji: in ka biya ƙasa da abin da ke cikin adireshin, ragowar na komawa wani sabon adireshi naka, kuma sau da yawa ana iya gane wanne ne na canjin. A haka ake bi, wannan ya kai ga wancan, har a samu tari guda mai ɗaruruwa ko dubban adireshi.

A 2013 Sarah Meiklejohn da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka gwada wannan a aikace. Sun riƙa yin ƙananan sayayya da ajiya a kasuwanni daban-daban don su san adireshin kowace, daga nan suka iya sa wa manyan tarin adireshoshi suna. Abin da ya fara a matsayin binciken jami'a yanzu ya zama babbar sana'a. Elliptic ya fara a 2013, Chainalysis a 2014, TRM Labs a 2018, kuma masu sayen aikinsu su ne hukumomin tsaro, hukumomin haraji, bankuna da su kansu kasuwannin musayar kirifto.

Ƙofar suna kuwa tana da yawa. Babbar ita ce kasuwar musaya da ka ba katin shaidarka. Akwai kantin intanet da ka biya da kirifto ka kuma ba shi adireshin gidanka don a kawo kaya. Akwai adireshin da ka manna a shafinka na X ko Facebook don neman gudummawa, da hoton fuskar waya da ka tura wa wani a matsayin shaidar biya. Akwai kuma wadda mutane ba su cika lura da ita ba: yawancin lalitocin waya ba sa riƙe kundin da kansu, suna tambayar kwamfutar wani kamfani nawa ne ke cikin adireshinka, kuma tambayar na tafiya da adireshin IP ɗinka, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet. A Nuwamban 2022 kamfanin da ke da lalitar MetaMask ya bayyana a ƙa'idojinsa cewa Infura, hanyar da lalitar ke bi in ba ka sauya ba, na karɓar adireshin IP da na lalita in ana tura kuɗi.

In na riƙa buɗe sabon adireshi kowane lokaci fa?

Yana taimakawa, kuma yawancin lalitocin Bitcoin na yin haka da kansu. Wanda ya biya ka yau ba zai ga abin da wani ya biya ka jiya ba. Amma ranar da ka haɗa kuɗin a biya ɗaya, ka ɗinke abin da ka raba. A Ethereum, wani tsarin kirifto, da makamantansa lamarin ya fi sauƙi ga mai bin sawu, domin mutane kan zauna a kan adireshi guda shekara da shekaru, wasu ma har su saya masa suna mai sauƙin karantawa.

Me ya sa kasuwannin musaya ke neman katin shaida da hoton fuska?

Doka ce ta tilasta musu. A Yunin 2019 FATF, hukumar ƙasa da ƙasa da ke tsara ƙa'idojin yaƙi da halasta kuɗin haram, ta ce kamfanonin kirifto su ma su bi irin ƙa'idar bankuna: su tantance abokin hulɗa, kuma in kuɗi zai tashi daga wani kamfani zuwa wani, sunan mai turawa da na mai karɓa su bi shi. Tarayyar Turai ta fara aiki da nata tsarin a ƙarshen Disamban 2024. Binance ta wajabta tantancewa ga kowa a Agustan 2021, kuma a Nuwamban 2023 ta amince ta biya gwamnatin Amurka sama da dala biliyan 4, galibi saboda sakacin da ta yi a wannan fanni a baya.

Bayanan da aka karɓa ba a aljihun tebur suke kwana ba. Tun a 2017 wata kotu a Amurka ta umarci Coinbase ta miƙa wa hukumar haraji bayanan abokan hulɗarta kimanin 13,000. Duk kuɗin da ya fita daga irin wannan kasuwa zuwa lalitarka ta kashin kai, kasuwar ta san inda ya sauka.

Cinikin mutum da mutum ba ya kauce wa wannan?

Kaɗan. In a kan dandalin babbar kasuwa aka yi cinikin, dandalin ya san ku duka biyun. In kuma ta banki aka biya, mai sayarwar ya ga cikakken sunanka da lambar asusunka, bankin ma ya rubuta. Ka ƙara mai sanin sirrinka ne, kuma wannan sabon ba shi da wata doka da ta hana shi surutu.

Idan abu ya daɗe, ai an manta?

Nan ne kirifto ya fi takardar kuɗi haɗari ga mai ɓuya. Kundin ba ya gogewa, dabarun bincike kuwa kullum ƙaruwa suke. Abin da ya gagari masu bincike a 2014 yana iya zama aikin yini ɗaya a yau, kuma shaidar na nan inda aka bar ta.

A Agustan 2016 aka sace Bitcoin kusan 120,000 daga kasuwar Bitfinex. Duniya na kallon adireshoshin da kuɗin suka sauka, ba wanda ya san mai su. Sai a Fabrairun 2022 aka kama Ilya Lichtenstein da matarsa Heather Morgan a New York, aka ƙwace Bitcoin kimanin 94,000, waɗanda a lokacin sun kai dala biliyan 3.6. Masu bincike sun bi kason da aka riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan har ya kai ga asusai masu ɗauke da sunayensu, sannan suka samu makullan a wani fayil da ya adana a ma'ajiyar intanet.

James Zhong ya ma fi su daɗewa. A 2012 ya wawure Bitcoin sama da 50,000 daga Silk Road, wata ɓoyayyiyar kasuwar kayan haram a intanet, ya zauna a kansu shekara tara. A 2019 wani ɗan ƙaramin kaso ya haɗu da asusun da ke da sunansa a kasuwar musaya, kuma a Nuwamban 2021 jami'ai suka shiga gidansa a jihar Jojiya suka kwashe komai. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Abin ma bai bar jami'an kansu ba: biyu daga cikin waɗanda suka binciki Silk Road, Carl Force da Shaun Bridges, sun karkatar da Bitcoin zuwa aljihunsu suna zaton babu mai gani, kuma a 2015 aka yanke musu hukuncin ɗauri.

Injinan cakuɗa kuɗi ba sa ɓatar da sawu?

Aikinsu ke nan: a zuba kuɗin mutane da yawa wuri guda, kowa ya ɗiba daga wani ɓangaren. Suna wahalar da mai bin sawu, amma da sharuɗɗa. In adadin da ya shiga da wanda ya fita sun yi kama, ko lokacin ya yi kusa, ana iya haɗa su. In kuma wani mutum ne ke gudanar da injin, shi ya san komai, kuma ranar da aka ƙwace kwamfutocinsa, kamar yadda aka yi wa ChipMixer a Maris 2023, bayanan sun koma hannun hukuma.

Sannan shiga injin kansa tabo ne da ake gani a kundin. Kasuwanni da yawa na riƙe kuɗin da ya fito daga can, su nemi bayani. A Agustan 2022 Baitulmalin Amurka ya ƙaƙaba wa injin cakuɗa kuɗi na Tornado Cash takunkumi, ya janye shi a Maris 2025 bayan hukuncin wata kotun ɗaukaka ƙara. Tun kafin janyewar, kotun Holan ta ɗaure ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, Alexey Pertsev, shekara 5 da wata 4 a Mayun 2024. A Afrilun 2024 aka kama waɗanda suka kafa Samourai Wallet, wata lalita mai cakuɗa kuɗi. Ana iya jayayya a kan ko daidai ne a hukunta marubucin manhaja saboda abin da wasu suka yi da ita, kuma a ganina jayayyar na da tushe. Amma wannan ba zai amfani wanda aka rufe wa asusu ba.

Monero da Zcash fa, waɗanda aka ce don sirri aka yi su?

Waɗannan da gaske sun bambanta. Monero, wanda ya fito a 2014, yana ɓoye abu uku a kowace hada-hada: mai karɓa ta hanyar adireshi na amfani sau ɗaya, adadin kuɗin tun daga 2017, da mai turawa, wanda ake cakuɗa sa hannunsa da na bogi. Tun Agustan 2022 ana sa na gaske ɗaya a cikin 16. Cewa yana da wuyar bi ba a jayayya, don a 2020 hukumar harajin Amurka ta sa ladan da ya kai dala 625,000 ga mai iya samar da hanyar bin sawunsa. Amma wuya daban, gagara daban. A 2017 masu bincike sun nuna cewa za a iya gane mai turawa na gaske a yawancin hada-hadar shekarun farko, lokacin da na bogin ba su da yawa ko babu su sam. An gyara tsarin, sai dai gyaran bai koma baya ya rufe waɗancan ba.

Zcash, na 2016, yana da lissafi mai ƙarfi ƙwarai, amma ɓoyewar zaɓi ce. Wanda ya shigar da kuɗi ɓangaren da ke rufe ya fitar da daidai wannan adadi bayan ɗan lokaci bai ɓoye komai ba.

Babbar matsalarsu ita ce shiga da fita. Kasuwar da ta sayar maka ta san ka saya, kuma kasuwannin da ke karɓarsu raguwa suke yi. Binance ta cire Monero a Fabrairun 2024, kasuwannin Japan da Koriya ta Kudu kuwa sun daɗe da yin haka.

USDT da USDC fa?

Waɗannan kirifto ne da aka ɗaure darajarsu da dala, kuma su ne mafi ƙarancin sirri. Ana ganin tafiyarsu a kundin kamar sauran, sannan kamfanonin da ke fitar da su, Tether da Circle, na da ikon daskarar da kuɗin da ke cikin kowane adireshi, ko da makullin na hannunka. Suna yi kuwa, galibi bisa buƙatar hukumomi.

In na kunna VPN, wa ya daina ganina?

Kamfanin da ke ba ka intanet, da mai Wi-Fi ɗin da ka hau, sun daina ganin shafukan da kake shiga. Suna dai ganin cewa ka haɗu da VPN, da lokacin, da yawan datar. Shafin da ka shiga kuma adireshin IP na VPN ɗin yake gani a madadin naka. Iyakarta ke nan. Duk abin da kamfanin intanet ya daina gani, kamfanin VPN ne yanzu ke iya gani. Ba ka kawar da mai kallo ba, sauya shi ka yi.

Kusan kowannensu na tallar cewa ba ya adana bayanai, kuma kai ba ka da hanyar leƙawa ka tabbatar. A 2011 HideMyAss na Birtaniya ya miƙa bayanan da suka kai ga kama wani ɗan ƙungiyar masu kutse ta LulzSec. A 2017 takardun kotu sun nuna PureVPN ya taimaka wa FBI da bayanan lokutan shiga na wani da ake tuhuma, alhali yana tallar ba ya ajiye komai. Akwai kuma misalin ɗaya ɓangaren: a Afrilun 2023 'yan sandan Suwidin sun je ofishin Mullvad da takardar bincike, kamfanin ya ce sun tafi hannu rabbana domin babu bayanan da za su ɗauka.

Kuma komai kyan VPN, in ka shiga asusunka na Google ko Facebook ta cikinta, ai ka faɗi sunanka da bakinka.

VPN ta kyauta fa?

Gudanar da VPN na cin kuɗi. In ba kai ke biya ba, a tambayi daga ina kuɗin ke fitowa. Onavo kyauta ce, mallakar Facebook, kuma da ita kamfanin ya riƙa nazarin manhajojin da mutane ke amfani da su har aka rufe ta a 2019.

Tor ya fi VPN?

Wajen ɓoye wanda ke magana da wa, ya fi ta nesa ba kusa ba. Dabarar ta samo asali ne daga ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka a tsakiyar shekarun 1990. Saƙonka na bi ta zango uku, waɗanda yawanci 'yan sa-kai ke gudanarwa. Na farko ya san ka amma bai san inda za ka ba, na ƙarshe ya san inda za a amma bai san ka ba, na tsakiya bai san ko ɗaya ba. Babu kamfani guda da za a kai wa takardar kotu.

Raunin da masu Tor da kansu suka amince da shi shi ne wannan: wanda ke iya kallon mashiga da mafita a lokaci guda zai iya gwada lokaci da girman bayanan da ke wucewa ya haɗa su. Wani lokaci ma ba sai an kai ga haka ba. A Disamban 2013 wani ɗalibin Jami'ar Harvard ya aika saƙon ƙarya cewa an dasa bam, don a ɗage jarrabawa. Ya yi amfani da Tor, amma a kan Wi-Fi ɗin jami'ar. Jami'ai ba su fasa Tor ba. Sun duba su wa suka hau Tor daga cikin makarantar a wannan lokacin, suka same shi, ya amsa. Tor na ɓoye ka ne a cikin taro, in taron ya zama kai kaɗai, babu wurin ɓuya.

Hanya ta biyu ita ce a kai wa burauzar hari kai tsaye. A 2013 da 2015 FBI ta karɓe wasu ɓoyayyun shafuka ta dasa musu lambar da ke sa kwamfutar mai ziyara ta aiko da adireshinta na gaskiya.

Yanayin sirri na burauza, wato Incognito, yana yin wani abu?

Yana hana na'urarka ajiye tarihin shafuka da kukis, wato ƙananan bayanan da shafuka ke bari a na'ura don su gane ta, bayan ka rufe. Amfaninsa a kan wanda zai ɗauki wayar bayanka ne. Kamfanin intanet, wurin aikinka da shafin da ka shiga duk suna gani. A 2024 Google ya amince ya goge biliyoyin bayanai don sasanta ƙarar da aka kai shi kan bibiyar masu amfani da wannan yanayi.

Ko babu kukis ma ana iya gane na'ura. Girman fuskarta, nau'in haruffan da ke ciki, harshe, agogon yanki da yadda take zana hoto, in aka haɗa su, sukan ba da siffar da ba ta da ta biyu. A gwajin da ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta yi a 2010, sama da kashi 80 cikin 100 na burauzojin da aka gwada kowace ta fita daban. VPN ba ta taɓa wannan ko kaɗan.

Ai WhatsApp da Signal a kulle saƙonninsu suke?

Abin da ke cikin saƙon a kulle yake, daga wayarka har wayar mai karɓa. Amma wa ya yi magana da wa, yaushe, sau nawa, daga ina, wannan wani abu ne daban, kuma sau da yawa ya isa. Wanda ya ga cewa lamba kaza ta kira asibitin masu cutar kansa sau uku a mako guda, ba ya buƙatar jin abin da aka ce. Michael Hayden, tsohon shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka na NSA da CIA, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa suna kashe mutane bisa irin waɗannan bayanai.

Manhajojin ba ɗaya suke ba a nan. Da aka kai wa Signal sammaci a 2016, abin da ta iya bayarwa shi ne ranar buɗe asusu da ranar ƙarshe da aka hau, amma ita ma da lambar waya ake rajista. WhatsApp na riƙe da bayanan gefe masu yawa. Telegram kuwa hirarta ta yau da kullum da ta zauruka ba a kulle take daga waya zuwa waya ba, sai in ka buɗe hirar sirri da kanka. A Satumban 2024, wata guda bayan kama shugaban Telegram, Pavel Durov, a Faransa, kamfanin ya ce zai riƙa ba hukumomi lambar waya da adireshin IP na waɗanda ake tuhuma in an zo da umarnin shari'a. Proton Mail ma, da ke Suwizalan, a 2021 umarnin hukumomin ƙasar ya tilasta masa naɗar adireshin IP na wani ɗan fafutukar muhalli a Faransa. Wasiƙun ba su buɗu ba, amma an samu mutumin.

Duk wannan ma sai in wayar kanta lafiya take. Manhajar leƙen asiri irin Pegasus na karanta saƙo ne a kan fuskar waya, bayan an riga an buɗe shi.

Wayoyi na musamman da ake sayarwa don sirri fa?

Tarihinsu ba daɗi. A 2020 'yan sandan Faransa da Holan suka kutsa EncroChat suka yi watanni suna karanta saƙonni. ANOM kuwa tun daga tushe FBI ce ke gudanar da ita: wayoyi kimanin 12,000, saƙonni miliyan 27, kuma a Yunin 2021 aka kama mutum sama da 800.

Mene ne ya fi tona asirin mutane?

Halinsu. In aka bi manyan shari'o'in ɗaya bayan ɗaya, da wuya a ga inda aka fasa lissafin da ke kulle bayanai. Kusan kullum wani tsohon sakaci ne.

Ross Ulbricht ya gina Silk Road a kan Tor da Bitcoin. A farkon 2011 wani mai laƙabin altoid ya riƙa tallata kasuwar a intanet, bayan wasu watanni kuma wannan laƙabin ya sa sanarwar neman ma'aikaci da adireshin Gmail mai ɗauke da cikakken sunan Ulbricht. Wani jami'in haraji, Gary Alford, ya tono wannan da binciken Google. A Oktoban 2013 aka kama shi a wani ɗakin karatu a San Francisco, aka fizge kwamfutarsa tana buɗe kafin ya kai ga rufe ta. Alexandre Cazes, mai wata ɓoyayyiyar kasuwa da ake kira AlphaBay, adireshinsa na Hotmail ne ya fito a saƙon maraba da kasuwar ta riƙa aika wa sababbin masu rajista a 2014, aka kama shi a Bangkok a Yulin 2017. John McAfee, mutumin da ya yi suna da manhajar tsaron kwamfuta, yana gudun hukuma a 2012 sai 'yan jarida suka wallafa hotonsa ba su cire bayanan wurin da waya ke liƙa wa hoto ba, aka ga yana Gwatamala.

Har salon rubutu na tona mutum. Ted Kaczynski ya yi shekara 17 FBI na nemansa, sai da aka buga dogon rubutunsa a jarida a 1995 ƙaninsa ya gane kalamansa. A yau kwamfuta ke wannan aiki, tana gwada kalmomin da mutum ya saba da su, da kurakuran da yake maimaitawa, da lokutan da yake hawa intanet.

Lissafin bai daidaita ba tun farko. Mai ɓuya sai ya yi daidai a kowace rana, mai nema kuwa kuskure guda yake jira, ko da an yi shi shekara goma da suka wuce.

Kamfanoni kan ce sun cire suna daga bayanan da suke sayarwa. Ya wadatar?

Sau da yawa bai wadatar ba. Latanya Sweeney ta ƙiyasta cewa ranar haihuwa, jinsi da lambar yankin gidan waya sun isa a ware kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa. A 2013 wani nazari a kan bayanan wayar mutum miliyan 1.5 ya gano cewa sanin wuri da lokaci sau huɗu kacal ya isa a ware kashi 95 cikin 100 daga cikinsu. Wayar da ke kwana a gida kaza ta yini a ofis kaza ba ta buƙatar suna.

Ni ba na aikata laifi. Me ya dame ni da wannan?

Misalan da ke sama na masu laifi ne saboda shari'arsu ce ke fito da yadda ake binciken. Amma kundin da jami'i ke karantawa, shi ɓarawo ma ke karantawa, kuma ba ya buƙatar izinin kowa. Wanda ka biya sau ɗaya zai iya duba adireshinka ya ga abin da ka mallaka. Abokin kasuwanci zai iya ganin su wa kake saye a wurinsu.

Bayanan da ka ba kamfani ma na iya fita. A 2020 aka sace bayanan abokan cinikin Ledger, mai ƙera na'urar adana kirifto, aka watsa sunaye, lambobin waya da adireshin gida na mutum kimanin 270,000. Makullansu ba su fita ba, amma duniya ta san gidajen da ake ajiye kirifto, kuma saƙonnin damfara da barazana suka biyo baya. A Mayun 2025 Coinbase ta sanar cewa an ba wasu ma'aikatan kula da abokan hulɗa cin hanci sun fitar da bayanan mutum kusan 70,000. A Janairun 2025 aka yi garkuwa da David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ledger, a Faransa, ana neman fansa da kirifto. Ga ɗan jarida, ɗan adawa ko matar da ta guje wa mai cutar da ita, abin ya wuce batun dukiya.

To me mutum zai yi?

Ya fara da tambayar kansa: daga wa nake ɓoyewa? Amsar ita ke zaɓar kayan aiki. Kare kai daga mai Wi-Fi, ɗan damfara ko mai shisshigi abu ne mai yiwuwa, kuma ba shi da tsada: kada a bayyana abin da aka mallaka, kada a manna adireshin babbar ajiya a fili, a raba lalitar kashewa da ta ajiya, a daina maimaita laƙabi guda da imel guda a ko'ina, a riƙa sabunta waya, a cire bayanan wuri daga hoto. Ɓuya daga gwamnatin da ta sa ka a gaba da gaske, mai kuɗi da lokaci da ikon kotu, wani mataki ne daban, kuma duk mai sayar maka da manhaja da alkawarin haka, talla yake yi.

Zan iya goge abin da ya riga ya shiga kundin?

A'a. Babu kamfanin da za a rubuta wa, babu kotun da za ta iya ba da umarnin gogewa, domin kwafin na hannun dubban mutane a ƙasashe daban-daban. Za ka iya buɗe sabuwar lalita ka daina amfani da tsohuwar, amma in ka tura kuɗin kai tsaye daga wannan zuwa waccan, turawar ma za ta shiga kundin, kuma mai bin tsohon adireshin zai ga inda suka koma.